Wayar Gindin Ɓaure

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni, ka ce masa Abu Sakar mai gasa masara a kan gada ya ce ƙarya yake yi. Ina zaune da hantsi ina fifita garwashi, sai ga filafili ɗaya kogin Asi ya ɗauko yana ta juyi, babu hannu a jikinsa. Bayansa kuma kwale-kwalen roba, rabinsa ya sace, yara 'yan Bairut a ciki suna kururuwa, uwarsu ta danne fuskar wani da mayafinta, mayafin ya jiƙe sharaf. Ban taɓa zama a aji ba, amma yaƙi ya bi ta kaina ba sau ɗaya ba, ambaliya ta ci ɗakina ina ciki na fito da ƙafafuna, saboda haka ba a koya mini kamannin jini. Da shekarun nan nawa na faɗa ruwa har ƙirji na janyo su gaɓa, samari na tsaye suna salati.

Wanda ke kwance a ciki Wisam ne, ɗan Nayif mai kiwon kifi, yaron da ke tuƙa 'yan yawon shan iska. Wani ne ya ɗaure waya mai ƙaya daga gindin ɓaure zuwa wancan ƙetaren, dab da fuskar ruwa, a kwanar da ba ka hango komai sai ka iso. Wisam ya gan ta a makare, ya yi tsalle gaba ya ɗaga ta da hannunsa yaran suka wuce ta ƙasa. Ta yage masa damtse, ta tafi da idonsa na hagu.

Ɓauren nan a bakin gonar Hajji Mulhim yake. Kuma babu wanda bai ji Hajji Mulhim ba, a masallaci, a gidan biki, har a wurin zaman makoki, yana rantsuwa wata rana sai ya shinge kogin nan da waya. Masu gonakin baki suna cewa gaɓa tasu ce tun kakanni. Masu kwale-kwale suna cewa ruwa na kowa ne, ba wanda ya haƙa shi. Baƙi kuma su sauka inda suka ga inuwa, su tsinki mishmish, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da ake nomawa a gonakin, su kunna kiɗa, su yi bayan gida a gindin bishiya, su bar kwalabe su wuce. Mun gaji da maganar nan har ta daina ɗaga mana kai.

To amma yanzu jini ya zuba, kuma kowa ya san abin da ke biyo jini a wurinmu: gidan wanda ake tuhuma ya kwashe ya bar gari, mata da yara da tsofaffi, har ranar da aka yi sulhu, in an yi. Gazi, ƙanin Nayif, direban babbar mota mai bakin tsiya, ya tara samarin danginsu suka ba Hajji Mulhim wa'adi zuwa bayan sallar Juma'a. Tsohon da ya haura tamanin, mishmish ɗinsa ya nuna yana zuba, kabarin ubansa a cikin gonar. In ya fita, gawarsa ce za ta dawo.

Mai unguwa ya aika a kira Fayyad.

Fayyad mai bin sawu ne. A zamaninsa ya bi awakin sata har bayan dutse ya dawo da su da ɓarawon. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ido ɗaya ya fara hazo, abin da yake so a duniya kawai a bar shi ya zauna a inuwa. Da ɗan aike ya gama bayani, sai ya daɗe yana kallon takalmansa kafin ya sa su.

*

A gindin ɓaure ya tarar rabin gari sun riga shi zuwa.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Saura wa bai taka ba? A kira shi ya zo ya taka, kada a bar shi a baya."

Suka ja da baya suna sosa ƙeya. Ya durƙusa da ƙyar, yana nishi, ya bi gefen da ƙaya ta hana mutane shiga. Nan ya sami sawun dogon takalmin roba, shiga ruwa da fita. Bai yi murna ba, domin babu gidan da ke bakin kogin nan da babu irinsa a bayan ƙofa. Kusa da shi kuma wani sawu: ƙafa ɗaya mai nauyi, ɗaya tana ja, da ramin sanda a gefe. Wannan ko yaro ya san mai shi.

'Yan sanda sun riga sun kwashe wayar, amma sun bar ƙullin igiyar da ta riƙe ta a jikin bishiya, can sama da inda ruwa ke kaiwa. Fayyad ya yanko shi da wuƙarsa ya jujjuya. Launinta ruwan ƙasa ne kamar igiyar da ta shekara a turke, amma zarenta sumul, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Ya sansana, bai ji komai ba. Ya jefa a aljihu.

*

A gidan Hajji Mulhim katifu na jingine a tsakar gida, Hajja Zahiya matarsa tana naɗe kofuna da tsofaffin jaridu.

"Hajji, yaushe rabonka da gindin ɓaure?"

"Tun kafin azumi."

"Ashe sandarka tana fita ita kaɗai."

Tsohon ya ɗaure fuska. Hajja Zahiya ta ajiye kofi da ƙarfi.

"Faɗa masa mana! Bakin da ya cika gari da sai na shinge, sai na shinge, yau ya rufe? Fayyad, dubi mutumin nan. Maɓallin rigarsa ni nake sa masa. Shi ne zai haye Asi da waya a kafaɗa?"

"Ke, yi mini shiru."

"Ba zan yi ba. Shekara da shekaru ina yi, ga inda ya kai mu."

Fayyad ya zauna a kan buhun kaya. "Ramin sandarka a kan sawun mai takalmin roba yake, Hajji. Bayansa ka zo. Abin da nake tambaya, me ka gani?"

Hajji Mulhim ya murza gemu. "Bayan asuba na fita duba ruwan gona. Na gan ta a ɗaure."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na dawo gida na sha shayi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce a raina, Allah ya yi wa mai wannan aiki albarka, yau robarsu za ta fashe su jiƙe su ji yadda ake ji. Wallahi iyakar abin da na zata ke nan. Ban ɗaura ba, Fayyad. Amma ban kwance ba."

Hajja Zahiya ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta ci gaba da naɗe kofunanta.

Fayyad ya fito ba tare da ya samu abin da zai wanke tsohon ba. Wanda bai iya haye kogi ba yana da 'ya'ya da jikoki masu iyawa, kuma haka Gazi zai ce.

*

A gari kuma wata magana ta tashi, wai a binciki Fadi. Shi ma mai kwale-kwale ne, sun sha yin cacar baki da Wisam a kan fasinja, kuma ran Litinin ɗin da abin ya faru ko ɗaya daga cikin kwale-kwalensa bai taɓa ruwa ba. Fayyad ya same shi a rumfarsa yana raba alewa, idanu jajur.

"Kawu Fayyad, ɗauki biyu. Mace aka samu."

"Allah ya raya. An ce ran Litinin ka ɓoye robobinka."

"An ce! Su wa? Masu shan shisha a gindin gada?" Ya yi tsaki. "Ina asibiti ina safa da marwa a bakin ɗakin haihuwa, je ka tambayi surukata, ita da ba ta taɓa yi mini shaidar alheri ba. Mutanen Bairut ɗin nan nawa ne. Ni na buga wa Wisam waya da safe na ce don Allah ya ɗauke mini su."

"Da ma ba shi zai fita ba?"

"Litinin? Wisam ba ya taɓa filafili ran Litinin, kowa ya sani, barci yake har azahar. Ni ne nake fita." Ya ajiye farantin alewar. "Kawu, ka gane? Fuskata aka ɗaura wa wayar nan. Ina riƙe da jaririya ina ta kallonta da ido biyu, ɗaya ba nawa ba ne."

*

Saura gaisuwar uban yaro, wadda Fayyad ya yi ta ɗagawa don ba ya son ta. Shi da Nayif tare suka yi kiwo suna yara.

Tafkunan kifin Nayif na siminti ne, suna ƙasa da ɓauren kaɗan, ruwan kogi na shiga ta wata 'yar ƙofa ya ratsa su ya fita. Ya same shi yana watsa abinci, kifi na tafasa a saman ruwa. Fayyad ya tura ƙyauren waya zai shiga.

"Tsaya! Taka cikin bahon tukuna."

A bakin ƙofa akwai baho cike da ruwan magani, shunayya mai duhu.

"Haba Abu Wisam. Jaje na zo yi maka."

"Ko Mala'ika ne sai ya taka. Ƙafa biyu."

Fayyad ya taka, har bakin farin wandonsa ya tsoma. Suka zauna a kan bulo.

"Yaya mai jiki?"

"Uwarsa na can." Nayif bai ɗago ba. "Ni kifi ba sa jira."

"Ka je ka gan shi?"

"In je in ce masa me? Na gina wannan wuri da hannuna don shi, ya ce shi warin kifi ya ishe shi. Ya tafi yana tura 'yan birni a kan roba suna ihu." Ya watsa wani dintsi. "Ka san bara abin da ya same ni? Robobin nan daga wani kogi suke ɗauko su a bayan mota, ba wanki ba komai, su jefa a namu. Cuta ta shigo. Da shebur na riƙa kwashe kifin, Fayyad, fararen ciki a sama, tafki bayan tafki. Na je wurin hukuma, suka ce ruwa na kowa ne. Na ce to mushen ma na kowa ne, ku zo ku ɗiba."

"Gazi ya ce Hajji Mulhim ya tashi ran Juma'a. Kai me ka ce?"

Nayif ya kakkaɓe hannuwansa. "Gazi ke magana. Ni ban ce komai ba."

"Na lura."

Daga nan Fayyad ya tako har gada ya zube a bencina. Na ba shi masara mafi kyau a kan wuta, don ni ba na yi wa tsohon aboki rowa. Bai ci ba. Yana ta kallon bakin wandonsa, inda shunayyar nan ta bushe a hanya ta koma ruwan ƙasa. Ya ciro ƙullin igiya ya ɗora a gwiwa, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Abu Sakar," ya ce, "da na mutu bara da na huta."

Na ce masa ya bar wannan zance, mu da muka ga abin da muka gani ba ma mutuwa da wuri. Bai yi dariya ba.

*

Ran Juma'a aka hallara a zauren mai unguwa. Dangin Nayif a dama, Gazi a gaba yana kaɗa makullin mota. Hajji Mulhim da 'ya'yansa a hagu, motar kayansu tana waje an riga an ɗaure. Fadi a bakin ƙofa. Aka zuba gahawa, kowa ya ajiye kofinsa a ƙasa, don ba a sha sai magana ta mutu.

"Kawu Fayyad, a taƙaita," in ji Gazi. "Bishiyarsa ce, bakinsa ne, sawunsa ne. Me ya rage?"

"Sawunsa ne, gaskiyarka. Ya zo ya ga wayar, ya koma ya sha shayi. Wannan tsakaninsa da Allah." Zauren ya ɗauki gunaguni, Hajji Mulhim ya sunkuyar da kai. "Amma wani ya riga shi zuwa. A ba ni ruwa a kofin gilashi."

Aka kawo. Ya ajiye shi a tsakiyar tabarma, ya ciro ƙullin, ya tsaya yana riƙe da shi.

"Kafin in jiƙa wannan, ko akwai mai son ya hutar da ni? Na tsufa. Ba na son abin da zan yi."

Bai kalli kowa ba. Ba wanda ya motsa. Sai ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare ƙullin, ya saki a ruwa. Daga can cikinsa, inda rana ba ta taɓa ba, wani siririn zare na shunayya ya fito yana lanƙwasa, ya bazu, har kofin duka ya rine.

"Sabuwar igiya ce," in ji Fayyad. "An tsoma ta a maganin kifi kafin a kai ta kogi. Na tabbata wayar ma haka."

Gazi ya yi dariya. "To sai me? Masu kifi nawa ne a kogin nan? Kowa na da garin maganin nan a shagonsa. Ko Hajji ma zai iya saye."

"Zai iya. Amma don me? Mai mishmish ina ruwansa da abin da igiya ta ɗauko? Mutum zai je ya yi ɓarna, yana sauri kada a gan shi, sai ya tsaya wankin igiya? Ba mai yin haka sai wanda hannunsa ya saba, wanda ba ya iya sa ko tsinke a ruwan nan bai tsoma shi a baho ba." Ya numfasa. "Sauran masu kifi kuma duk suna sama da ɓauren, Gazi. Abin da ya shiga ruwa a nan ba ya hawa wurinsu. Gangarawa yake. Ka fi ni sanin ƙofar wa yake fara tararwa."

Makullin ya daina kaɗawa. Gazi ya juya a hankali ya dubi yayansa.

Nayif na zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon kofin.

"Litinin ba ranarsa ba ce," ya ce.

"Yaya..." in ji Gazi.

"Ba ranarsa ba ce. Na zaɓi ranar da yake barci. Roba kawai nake so ta fashe, su ji tsoro su koma wani kogin." Ya ɗago ya dubi Fadi a bakin ƙofa, kamar mai neman bayani. "Me ya sa ka kira shi?"

Fadi ya juya ya fice.

"Kuma ka zauna," in ji mai unguwa, "kana kallo ana ɗaure wa tsoho kaya."

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya zaro komai. Jinin na gida ɗaya ne, wa za a kora, wa zai kora? Gazi ya tashi, ya tsallaka tabarma, ya durƙusa gaban Hajji Mulhim ya sumbaci kansa, ya ɗauki kofin tsohon da hannu biyu ya miƙa masa. Gahawar ta huce tuni. Hajji Mulhim ya kurɓa, sannan ya ce wa babban ɗansa, "Je ka ce wa uwarka ta kwance kofunanta."

Fayyad ya roƙi a kama shi ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce wa mai unguwa in an sake yin wani abu a garin nan, ko raƙumi aka sace daga cikin masallaci, kada a aiko masa.

Hajji Mulhim bai bar gari ba. Ya tsinke mishmish ɗinsa, ya mutu a gadonsa bayan shekara biyu, aka sa shi kusa da ubansa, ko da yake har ya mutu akwai masu amsa sallamarsa da rabin baki saboda shayin nan da ya sha. Da 'yan sanda suka je asibiti, Wisam ya ce musu shi bai san kowa ba, ba ya ƙarar kowa. Rigimar gaɓa kuwa tana nan inda take. Baƙi na sauka, masu gona na zagi, hukuma na cewa ana dubawa.

Wisam ya koma kan ruwa da ido ɗaya. Kullum sai ya wuce ta gaban tafkunan ubansa, don kogi ba shi da wata hanya. Nayif na jin ihun fasinja sai ya ajiye bokiti ya fito bakin ƙyaure ya tsaya. Yaron ba ya juyowa. Wasu na cewa ai ta gefen makahon idon ne tafkunan suke, ba ya ganinsa. Ni dai na san wanda ya tashi a wurin nan ba ya bukatar ido ya san inda ya iso.

Wanda ya ce tsoho ne ke shara ta, ya zo gada ya same ni, ba na zuwa ko'ina. Da kaina zan sa shi a kwale-kwalen Wisam, a kujerar gaba. In kun wuce ɓaure, kun zo daidai mutumin nan da ke tsaye a bakin ƙyaure, ka juya ka kalli matuƙin a fuska ka tambaye shi wane ne wancan. In ka iya, dawo ka ce mini maƙaryaci a gaban kowa.